Na'am Ɗin Mshamu

Lindi, tsakiyar Yuni

Zuwa ga binamuna, wato taubashiyata, Somoe 'yar Kawu Chande, wadda ta tafi Moshi koyon aikin sa marasa lafiya barci ta bar mu ido biyu.

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, sanyin gindin dutsen nan bai ƙarasa busar da ke ba. Mu nan lafiya lau. Mamarki na gaishe ki, ƙafarta ta yi sauƙi. Ga ming'oko, doyar dajin nan tamu, da busasshen kifi na ba kwandastan bas, in kin ga sun ragu shi za ki tambaya. Wayata har yanzu tana jinya tun da ta yi wanka a bokiti, sai ki yi haƙuri da rubutuna. In na zage ki a ciki kuma ki shanye. Babanki da uwata ciki ɗaya suka fito, wasan binamu kuwa ba a kai shi kotu.

Takardar nan da kika aiko ta iso, ta abubuwan da za a duba kafin a zura wa mutum bututun numfashi a maƙogwaro. Na kai wa Dakta Ngonyani a ɗakin gaggawa. Ya riƙe ta da yatsa biyu kamar an miƙa masa ruɓaɓɓen kifi, ya ce, "Tun kafin yarinyar nan ta daina fitsarin kwance nake zura bututu, yau ita za ta koya min da takarda?" Ni nas ne, ba ni da bakin magana. Can sai ya lura da abin da kika rubuta a sama, cewa mai karantawa ya fara kiran sunan mutum kafin ya jefa masa tambaya. Ya gyara tabarau ya ce, "A'a, tana da tarbiyya. A liƙa a bango."

Yanzu haka muke yi. Dakta ya tsaya a kan mara lafiya yana karantawa. "Sijaona, iskar oksijin?" Sista Sijaona ta ce akwai. "Mshamu, injin zuƙe majina?" In ce akwai. Haka har ƙasa: fitilar leƙa maƙogwaro, bututu babba da ƙarami, jakar hura iska, allurai, da abin da za a yi in bututu ya ƙi shiga. Sista Sijaona ta ce da tsufanta an mayar da ita aji ɗaya ana kiran sunaye. Amma ran Talata an kawo wani ɗan babur da ya yi karo da tirela, ana zuwa layin fitila aka kunna aka ga tana lumshe ido, batir ya kusa mutuwa. Aka canza kafin a sa masa barci. Da ba a duba ba, da a cikin duhun maƙogwaronsa za mu gane. Dakta bai ce komai ba, amma na ga ya shafa takardar da zai fita. Kada kanki ya kumbura.

Kawu kuwa ƙarfinsa ya fi nawa. Lokacin feshin kashu ya kama, kullum yana gona da tanki a baya. Na kai masa abin rufe hanci, ya ce bishiyoyin fuskarsa suka sani, in ya rufe ba za su yi masa 'ya'ya ba. Amanarsa da kika bar min tana nan a wuyana, ki kwantar da hankalinki.

Naki,
Mshamu

*

Moshi, ƙarshen Yuni

Mshamu, mai hannun kaza,

Wa'alaikassalam. Lafiyata ƙalau, sai dai na ci ayaba har na fara mafarkinta. Kifi ya iso, ming'oko kuwa rabi. Kai da kwandastan ku sasanta tsakaninku. Ka gaida Mama, ka ce wa Baba shikamoo, gaisuwar manya.

Kai kuma ka ce kada kaina ya kumbura, ai ya riga ya kumbura, ɗankwali ma ya daina zagaye shi. Maganar sunayen nan tawa ce, ba ta cikin takardar malamarmu. Tasu ta nan tambaya ce tsirara, a jefa maka ita kamar an jefa wa kare ƙashi. Na ce wannan ba za ta yi a gidanmu ba. Wa zai kalli Sista Sijaona ya ce mata "oksijin?" ba sallama ba suna, ya kwana lafiya? Shi ya sa na sa mata zane da na mayar da ita Swahili. Na kuma rage wasu surutai don ta shiga shafi ɗaya.

Baba ka bar ni da shi. Ka gaya masa na ce in bai rufe hanci ba, zan zo in sare bishiyar nan ta gabas da yake ji da ita. Ka riƙa leƙa shi, don Allah. Ni nan hannuna bai kai ba, kai ne idona.

Somoe

*

Lindi, farkon Agusta

Somoe,

Assalamu alaikum. Muna nan. Mama tana nan, tana cin abinci kaɗan.

Na san an gaya miki a waya, amma ga yadda abin yake. Ran Laraba Kawu ya yi feshi iska na fuskantarsa, tankin kuma yana yoyo a bayansa. Da azahar maƙwabta suka kawo shi, yana kumfa, numfashi na yankewa. Mun cire masa kaya mun wanke shi, mun yi ta ba shi allurar da ke busar da majina, amma ƙirjinsa ya gaji. Dakta ya ce sai bututu.

Takardarki muka bi, layi bayan layi, da sunaye kamar yadda kika rubuta. Injin zuƙe majina bai ja ba. Bututu ya shiga a karo na biyu, amma kafin nan ruwa ya sauka huhunsa.

Ni na raka shi babban asibitin yanki, ina matsa jaka a cikin mota har muka isa. Yana kan injin numfashi. Bai farka ba. Sun ce huhun ne abin tsoro yanzu, ba gubar ba.

Allah Ya ba shi lafiya.

Mshamu

*

Babban asibiti, ranar da zan koma

Mshamu,

Sallama. Lafiyata lau. Baba yana yadda ka bar shi, sai zazzaɓi da ke hawa yana sauka.

Na zo, na zauna a bakin gadonsa iya kwanakin da makaranta ta ba ni. Duk wanda ya turo ƙofa sai in ɗaga kai. Ba ka zo ba. Na kira wayar Sista a ba ka, aka ce ka fita. Na sake kira, aka ce ka fita. Na gane.

Wasiƙarka na karanta ta har ta yage a ninki. Ba binamu, ba zagi, ba kifi. "Da sunaye kamar yadda kika rubuta." Na ji.

Sista Sijaona ta gaya min duk abin da ya faru a ɗakin, ba ta rage komai ba. Mai laifi ya san kansa, ba sai an nuna shi da yatsa ba. In Baba bai tashi ba, ban san da wace fuska za a sake zama a tabarma ɗaya a gidanmu ba.

Na bar wannan a hannun Mama. Jarrabawa ce ta ja ni, da ba don ita ba ba inda zan je.

Somoe

*

Lindi, tsakiyar Agusta

Somoe,

Assalamu alaikum. Da fatan kin isa lafiya, jarrabawa ta zo da sauƙi. Mama lafiya. Kawu jiya zazzaɓin ya sauka, sun ce ya motsa yatsu da aka kira shi, amma idonsa a rufe.

Na daɗe da wasiƙarki a aljihu ban amsa ba. Na fara rubutu na yaga, na sake farawa na yaga, har mai shagon da nake sayen takarda ya tambaye ni ko makaranta na koma. Kin ce mai laifi ya san kansa. Gaskiyarki, ya sani. Ba sai kin nuna ni ba, bari in nuna kaina, don abin da Sista ta gaya miki rabi ne. Sauran rabin ni kaɗai na san shi.

Ranar nan ɗakin cike yake da hayaniya. Mama na kuka a ƙofa, maƙwabta na leƙe ta taga, silindar oksijin na huci. Ni na juya baya ina zuƙar allura, ga Kawu a kan gadon, mutumin da ya fara ɗora ni a keke. Dakta ya fara karantawa. Na ji ya ce "Mshamu," sauran maganar hayaniya ta cinye. Kin san yadda aka rene mu. Babba ya kira sunanka, ba ka tsayawa tunani, bakinka ke amsawa kafin kanka. Na ce, "Na'am." Na'am ɗin kira, ina jiran in ji abin da yake so. Sai na ji ya ce, "Sijaona, fitila?" Ya wuce layi na gaba.

A nan Sista ta tsaya a labarinta, na sani. Tana ganin kuskuren kunne ne. Wallahi da a nan ya tsaya, da na zo na same ki a bakin gadon.

Somoe, na gane a take. Ina jin ya kira Sista na san layina ne ya wuce, na san ya ɗauki na'am ɗina a matsayin akwai. Injin yana nan a kusurwa, hannuna zai kai. Ban duba shi ba ranar. Abin da ya rage kawai in buɗe baki in ce, "Dakata, ban duba ba." Kalma huɗu. Amma ga Dakta da furfurarsa, ga mutanen unguwarmu a taga, ga Mama da ta riƙa ce musu ɗanta ne nas ɗin. Kuma ni ne na kawo takardar, ni na yi ta cika baki a kanta. Sai kunya ta riƙe min harshe. Na ce a raina, ai jiya ya yi aiki. Na ci gaba da zuƙar allurata.

Aka sa masa barci. Dakta ya leƙa ya ga kumfa ta cika maƙogwaro, ya miƙo hannu ya ce a zuƙe. Na kunna. Injin ya yi ƙara kamar abin kirki, bai ja ko ɗigo ba. Da safe an wanke kwalbar injin, murfin bai zauna daidai ba, iska yake sha ta gefe. Ni a ruɗe ban gani ba, sai jijjiga tiyo nake. Dakta ya juya Kawu gefe yana kwashe kumfar da auduga da yatsunsa, Sista ta ruga ɗakin haihuwa ta ɗauko injin da ake takawa da ƙafa. Ina kallon leɓen Kawu yana canza launi. Ban san tsawon lokacin ba, kuma ba na son in sani.

Da komai ya lafa Dakta ya dube ni ya ce, "Kayan nan sun tsufa, ɗana, ba laifinka ba ne." Har ya dafa kafaɗata. Da marina ya yi da ya fi min sauƙi.

Kwanakin da kika zo ba yawo na fita ba. Na zo babban asibitin. Na hango ki a baranda da shuɗin mayafinki kina ba Mama shayi, na koma bayan bishiyar mangwaron bakin ƙofa na tsaya kamar ɓarawon akuya. Mai gadi har ya tambaye ni wa nake jira. Na hau bas na koma. Kin ce ni ne idonki. Idon nan a buɗe yake ranar, baki ne ya ƙi.

Ban gaya wa Dakta ba har yau. Ban gaya wa Mama ba, kullum sai ta sa min albarka saboda jakar da na matsa a mota, albarkar na sauka a kaina kamar garwashi. Ke kaɗai na gaya wa, a takarda, don ba zan iya da baki ba. Ba yafiya nake nema ba tukuna. In Kawu ya tashi, ma yi wannan maganar.

Mshamu

*

Moshi, ranar da wasiƙarka ta iso

Binamu,

Wa'alaikassalam. Ina lafiya, jarrabawa ta wuce, ban san me na rubuta ba. Alhamdu lillahi da yatsun Baba.

Kai wane irin sakarai ne? Ni nake nufi. Mai laifin da ya san kansa ni ce, Somoe, mai ɗankwalin da ya daina zagaye kai. Na zauna a tashar bas na karanta wasiƙarka, na yi kuka, na yi dariya, har wata mai sayar da ayaba ta matso ta tambaye ni wa ya mutu.

Da Sista ta ce min an kira sunanka ka ce na'am aka wuce, sai na ji ƙasa ta juya da ni. Wa ya sa suna a gaban tambaya? Ni. A garin da kowane ɗa namiji aka kira sai ya ce na'am, na ɗauki suna na dasa a bakin kowane layi, ina ta yabon kaina wai na sa wa takarda zane. Kuma ka tuna na ce maka na rage wasu surutai? Ga surutun da na yanke, yana nan a ƙasan takardar malamarmu: ba a amsawa da i, ba a amsawa da akwai, wanda aka tambaya ya gwada abin a gaban kowa sannan ya faɗi abin da ya gani. Layi biyu ne. Na cire su don shafi ya yi kyau.

Da ka rubuto "da sunaye kamar yadda kika rubuta," na ɗauka yatsa ne ka nuna min cikin ladabi. Da ka ƙi zuwa na ce shi ke nan, Mshamu ba ya son ganin wadda ta shaƙe ubanta da alƙalami. Ina ba Mama shayin nan da ka hango, ina jin kamar kowa a barandar ya sani. Ashe kana bayan mangwaro kana naka. Mu biyu Allah Ya shirye mu.

Amma ba zan yi maka ƙarya don ka ji sanyi ba. Shirun da ka yi, ka yi shi. Na karanta wurin nan na ajiye takardar, na ji haushinka har cikin haƙorana. Ubana ne. Sai dai ni ma jiya na kai wa malamarmu takardata na nuna mata abin da na yanke. Tsakanin ƙofar ofishinta da teburinta na kusa juyawa sau nawa, ni da ba wanda ke mutuwa a gabana. A nan na san nauyin kalma huɗun nan taka. Ta karanta, ta cire tabarau, ta ce, "Wa ya ce ki gyara?" Na rasa inda zan sa fuskata. Daga baya ta ce in zauna in rubuta mata yadda abin ya faru, za ta koyar da shi, ba tare da sunan kowa ba.

Na kai tawa. Saura kai. Ka gaya wa Dakta, ba don ni ba, don wanda za a kwantar a gadon nan gobe. Takardar tana nan a bango da ramin da na haƙa a cikinta.

Sannan ka je ka zauna kusa da Baba. Ban karɓe amanata ba, tana nan a wuyanka, ko kana so ko ba ka so.

Somoe

*

Lindi, ƙarshen Agusta

Binamuna mai yankan layi,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Na san Mama ta riga ni a waya, amma ita kuka ta yi miki ba labari ba, don haka ga labarin.

Na fara da Dakta. A taron safe na miƙe na faɗi komai a gaban kowa har da masu shara. Sista Sijaona ta sunkuyar da kai. Dakta ya dubi tebur ya ce, "Ni ma ban ɗaga kai daga takardar ba. Na ji murya na wuce." Bai dafa ni ba wannan karon, kuma na fi son haka. Ya cire ni daga ɗakin gaggawa na mako guda, na karɓa.

An sauke takardarki an sake rubutawa. An so a cire sunaye, Sista ta ce ita dai ba wanda zai jefa mata tambaya kamar 'yar aikinsa. Sai aka mayar da sunan ƙarshe, tambaya ta riga shi. Layukanki biyu sun dawo, da manyan baƙaƙe. Injin kuwa yanzu ba a amsa masa da baki. Akwai kofin ruwa a gefensa, sai ka kunna ka zuƙe ruwan kowa ya ji ƙarar, sannan a wuce. Na'am kuma an hana ta shiga ɗakin, a ƙofa ake ajiye ta tare da takalma.

Kawu an cire masa bututu ran Alhamis. Ran Asabar na je. Na wuce mangwaron nan ban kalle shi ba. Ya rame, Somoe, ki shirya zuciyarki, kuma sun ce huhun zai daɗe bai koma daidai ba, tanki dai ya gama ɗauka. Na durƙusa na ce shikamoo. Ya daɗe yana dubana, sannan da wata murya kamar ana jan buhu a ƙasa ya ce, "Mshamu."

Na buɗe baki, abin ya ƙi fitowa. Tun ranar nan kalmar na'am ta maƙale min. Na tsaya ina kallonsa, hawaye na zuba.

Ya ce, "Kai, kunnen ne ya mutu ko tarbiyyar?"

Na ce, "Na'am, Kawu." Na matsa kusa na kasa kunne, don wannan karon sai na ji tambayar.

Ya huta, ya tattaro numfashi, ya ce, "Bishiyoyin gabas... an ƙarasa fesa su?"

Mama na bayansa tana ɗaga min gira tana gyaɗa kai, wai in ce i, hankalin tsoho ya kwanta. I ɗin har ta hau harshena. Ni kuwa rabona da gonar tun kafin ya faɗi.

Na ce, "Ban duba ba, Kawu."

Ya rufe ido. Na ɗauka barci ya koma. Can ya ce, "To me kake yi a nan? Je ka duba."

Gobe da safe zan tafi, da abin rufe hanci. Sauran maganar, wadda ke tsakanina da shi, zan gaya masa da bakina in ya ƙara ƙarfi. Ina so kina zaune a tabarmar ranar.

Naki,
Mshamu